Zuwa Ga Uwata, Mai Zane da Gawayi

Maraɗi, unguwar Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ɗiyata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wagga takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya, kin iske gwaggonki Rakiya da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya nisanta ki da waɗanda ba su ba. Amin.

Na san dariya za ki yi idan kika zazzage jakarki kika ga waɗannan shafuka cikin zannuwanki. Shekara talatin da ɗoriya ina rubutu a garin nan, amma duk abin da na taɓa rubutawa bai wuce "Ana aski a nan" da "Akwai ƙanƙara" ba. Yau ga ubanki ya cinye rabin kaye, littafin rubutun ƴan lakwal, wato ƴan makaranta. Kwana uku ina yi, da hantsi, a bakin shago. Sai na rubuta layi biyu wani ya zo gaisuwa, in tura takardar ƙarƙashin gwangwanin fenti. Shi ya sa za ki ga ɗigon shuɗi a shafi na biyu. Dalilin rubutun kuwa, na san kaina. Idan muka je tasha aka fara kiran sunayen fasinja, ba abin da zai fito daga bakina sai in tambaye ki ko kin ɗauki ruwan sha.

Farin ciki nake yi, wannan ki fara sani. Tun ranar da matar nan mai ɗakin zane, atiliye kamar yadda ta kira shi, ta bugo ta ce ta ga aikinki a salula, tana so ki zo ki yi aiki tare da su, na kasa zama wuri ɗaya. Mamanki ta ce na faɗa wa mai nama, na faɗa wa mai gyaran taya, saura awakin unguwa. Gaskiyarta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar shi da ɗuminsa. Ba ni kuma da gida ko shago a Yamai da zan ce ga shi. Abin da na tara da yawa kurakurai ne, kuma tunda sana'a ɗaya muka ɗauka, ina ga za su yi miki amfani. Ki karanta, ki yi mini dariya inda ya kamata, sannan ki kauce musu.

Bari in fara da ƙaryar da na yi wa Baba, kakanki.

A Jiratawa gidanmu kowa manomi ne: tattasai, albasa, zogale, da gero idan damina ta faɗi. Ni kaɗai na fito da hannu mai ƙaiƙayi. Bayan rumbunmu ba abin da ban zana ba, kaji, jakin maƙwabci, har da hancin mushen da ke koya mana lissafi. Da gawayin murhun Inna nake yi, wadda kika ci sunanta. Ita ta sani, don takan ware mini sirara ta ajiye gefen tukunya ba tare da ta ce komai ba. Amma a ƙauye zane wasan yara ne, ni ma haka na ɗauke shi a raina, ina son shi ina jin kunyarsa. Da na isa fita neman sana'a sai na ce wa Baba ɗinki zan koya a Maraɗi. Ya sa mini albarka. Na sauka garin nan na wuce kai tsaye wurin Malam Ila mai fenti, wanda ke zana bayan manyan motoci da allunan shaguna kusa da tasha.

Shekara uku ina cikin wannan ƙarya. Duk wanda zai shigo birni, sai Baba ya ba shi yagaggen wando ko riga ya ce a kai wa Sani ya ɗinke. Ni kuma in kwasa in kai wa wani tela a bakin kasuwa, in mayar. Har labari ya iso mini cewa Baba yana ɗaga hammatar rigarsa a majalisa yana nuna wa mutane ɗinkin ɗansa.

Ran nan ya kawo tattasai kasuwa da kansa, bai aiko mini ba. Ya yi ta tambayar Sani tela ɗan Jiratawa, ba wanda ya sani, sai wani ɗan kamasho ya ce shi dai Sani mai fenti ya sani, ga shi can. Ina saman tsani ina zana zakara a allon wani mai sayar da kaji. Na duba ƙasa na ga hular da na sani. Na zabura, tsanin ya karkata. Baba ya jingine sandarsa, ya kama tsanin da hannu biyu, ya ce in gama kada fentin ya bushe. Ban taɓa daɗewa kan jelar zakara kamar ran nan ba.

Da na sauko sai ya ja da baya ya daɗe yana kallon allon. Ya tambaya ko ni na yi zakaran nan tun daga zanko har ƙafa. Na ce ni ne. Ya ce to wa ke ɗinke masa wanduna? Na faɗa masa. Ya yi dariya har sai da ya nemi benci ya zauna. Da ya share ido sai ya ce:

"Shekara uku ina yabon hannun ɗan wani, ashe nawa yana da hannu ban sani ba. Ka cuce ni, Sani."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Uwata, kada ki taɓa ɓoye sana'arki bayan wata. A Yamai za ki haɗu da ƴan sarbis, ma'aikatan ofis, da masu manyan takardu, za su tambaye ki me kike yi. Kada ki ce kina ɗan taimakawa a wani wuri. Ki ce zane kike yi, da gawayi, ki faɗa da muryar da kike kiran ƙannenki cin abinci. Wanda zai raina ya raina, ba shi zai riƙe miki tsani ba. Mu kuma nan gida, abin da ke tafiya da wanda ya ƙi tafiya, duk ki faɗa mana. Iyaye suna iya ɗaukar gaskiya fiye da yadda ƴaƴa ke zato.

Da hannuna ya fara faɗawa sai kaina ya kumbura. Malam Ila yakan ce in je in kalli abu kafin in zana shi, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne, ai komai yana cikin kaina. Wani mai babbar mota da ke zuwa Agadas ya ce a yi masa raƙumi a bayan motarsa. Na ce raƙumi kuma, wa bai san raƙumi ba? Kwana biyu na gama, na zuba masa rairayi da dabino da rana tana faɗuwa. Ina wanke buroshi sai ga wani Buzu ya tsaya da rawaninsa, hannu a baya, yana ta kallo. Na matso ina jiran yabo. Cikin ladabi ya tambaye ni ko raƙumin nan haɗari ya yi. Na ce a'a, me ya gani? Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin raƙumi mai ƙafafun jaki da wuyan jimina ba, kuma idan ya durƙusa a haka ba ya jin zai sake tashi. Mutanen tasha suka kwashe da dariya. Sunan ya bi ni wata da watanni: Sani mai raƙumin haɗari.

Malam Ila bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini kaye da guntun gawayi, ya ce kada in dawo shago sai kayen ya cika. Sati guda ina zuwa kasuwar dabbobi ina zama cikin ƙudaje. A nan na ga yadda raƙumi ke naɗe ƙafa, yadda leɓensa ke rataye kamar ya raina duniya, yadda gashin idonsa ya fi na amarya. Duk shekarun nan ina wuce raƙuma, ashe ban taɓa kallon ko ɗaya ba.

Ke kin fi ni haƙurin kallo, amma yabo yana kashe ido, kuma za a yabe ki. Ranar da kika ji kin san abu tun kafin ki dube shi, ranar za ki fara naki raƙumin. Ki riƙa yawo da ƙaramin kaye. Ki zana kaskon mai tuya, ƙafar ɗan kabu-kabu a kan birki, yadda gwaggonki ke miƙe ƙafa idan ta gaji. Ba don a saya ba, don idonki ya zauna a farke.

Kuskuren da ya fi zama mini a rai kuwa a Tibiri na yi shi, shekarar da aka haife ki. Lokacin na buɗe shagona, na kuma fara yi wa mutane hoton gawayi a takarda, don ba kowa ke da babbar foto ba. Wata dattijuwa, ana ce mata Iya Ige, ta zo mini daga Tibirin da katin ɗan ƙasa na mijinta a ƙunshe cikin gefen zane. Mijin, Ɗan Jimma, ya rasu da damina. Hoton da ke jikin katin bai fi kan babban yatsa ba, ya koɗe, hatimi ya cinye kafaɗa ɗaya. Ta ce jikokinta ƙanana ne, tana so su san kakansu.

Na duba da kyau na ga mutum mai tsagen Gobirawa a kumatu, ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta, baki a ɗan karkace. Sai na ce a raina bari in kyautata wa tsohuwa. Na share tsagen, na daidaita idanu, na miƙe bakin, na ƙara masa kumatu da babbar riga mai aiki. Da na gama, kai ka ce wani babban ɗan kasuwa ne. Na hau mota na kai mata har gida ina taƙama.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta wanke hannu kafin ta karɓi takardar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini da hannu biyu ta ce:

"Ɗana, wannan bawan Allah kyakkyawa ne. In ya rasu, Allah Ya jiƙan shi. Amma ni ban san shi ba."

Na ajiye furar. Na ba ta haƙuri, na ce zan sake, na miƙe zan tafi. Ta ce in zauna tukuna. Daga azahar har la'asar tana ba ni labarinsa. Idon nan ƙahon bijimi ne ya taɓa shi yana saurayi, kuma har ya mutu yana cewa bijimin ne ya ji tsoro. Bakin ba karkatacce ba ne, dariya yake dannewa, don mai foto ya ce kada ya motsa, shi kuwa ba ya iya zama kusa da mutum bai tsokane shi ba. Tsagen kuma da shi ta gane ɗan gida ne, ranar da ta fara ganinsa a kasuwa. Duk abin da na goge, shi ne mijinta.

Na koma na sake, na bar komai inda Allah Ya sa shi. Da na kai mata na biyu ba ta ce ya yi kyau ba. Ta dai ɗaga takardar daidai fuskarta ta ce, "Kai Ɗan Jimma, har yanzu ba ka daina ba?" Sannan ta shiga kiran jikokin ɗaya bayan ɗaya. Ina fita daga gidan ina jin dariyarsu.

Za a zo miki da fuskoki iri-iri. Wasu za su ce ki rage musu shekaru, wasu ki ƙara musu haske. Mai rai in ya roƙa, ku daidaita da shi, fuskarsa ce. Amma ke da kanki kada ki yanke cewa halittar wani tana buƙatar gyara. Kuma kafin ki ɗauki gawayi ki bar mutum ya yi magana. Rabin hoton daga bakinsa za ki samo shi.

Ga wani ƙarami, don ki sarara. Wani malamin lakwal ya sa in zana shi da amaryarsa, a nuna ranar walima. Na ce masa kwana biyu, alhali na san aikin kwana huɗu ne. Na gama ana ta taruwa. Ban tsaya na fesa ruwan ƙaro mai riƙe gawayi ba, na naɗe takardar na tura cikin riga, na tare kabu-kabu, ga zafin bazara, ga gumi. Na isa, aka ce ga mai zane, aka yi shiru, na warware a gaban jama'a. Gemun ango ya koma fuskar amarya, abin da ya saura kuma yana jikin farar rigata. Ƙanwar ango ta dube ni sama da ƙasa ta ce in bar musu rigar, ita ta fi kama da su. Har yau in na haɗu da malamin nan sai ya tambaye ni lafiyar rigar.

Aiki bai ƙare ba sai ya isa hannun mai shi yadda ya bar naki. Ki fesa, da ƙaro ko da na gwangwanin nan da kuke amfani da shi yanzu, ki bar shi ya sha iska, ki rufa masa farar takarda, ki ɗauke shi a shimfiɗe tsakanin kwali biyu. Kada kuma ki sa wa mutum ranar da kin san ba za ki cika ba, don nan ɓarnar ta faro. Tunda maganar gawayi ta zo, a ƙasan jakarki akwai gwangwanin madara cike da shi, a naɗe da tsumma. Na je Jiratawa satin da ya wuce na ƙona miki da kaina. Masu ɗaurin jan zare na sabara ne, suna da laushi, don inuwa. Sauran na magarya ne, don layi. Na san can akwai na kanti masu kyau. Ki dai gwada ki gani.

Akwai kuma ranar da na zana mutum ba da saninsa ba. Wani tsoho ne manomin gero daga ƙauyukan gulbi, cikin masu riƙe da al'adar kaka da kakanni, layu a damtse, yana zaune kan buhunsa yana jiran mota. Fuskarsa ta ɗauki hankalina, na laɓe bayan wata mota na zana. Da na gama sai na kai masa, a zatona zai yi murna. Sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya tambaye ni a hankali wa ya ba ni fuskarsa, kuma ina zan kai ta. Na ce ai zane ne kawai. Ya ce a wurina ne zane kawai. Ya roƙi in ba shi takardar. Na miƙa, ya sa tafin hannu ya shafe gawayin tas, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya yi mini godiya. Godiyar nan ce ta fi ba ni kunya. Fuskar mutum tasa ce, Uwata. Ki nemi izini, ko wane ne shi. In aka ce a'a, ki rufe kayenki da fara'a. Balle yanzu da abu ke shiga salula ya zaga duniya kafin ki juya.

Kin kuma san maganar da ake yi kan zana mai rai. Kin ji ta a unguwar nan, za ki ji ta can. Ni nawa kuskuren shi ne na mayar da ita faɗa. Maƙwabcinmu na da, Malam Hamisu, ya yi mini nasiha a bakin masallaci, ni kuma na ɗaga murya gaban mutane na ce hassada ce. Ba hassada ba ce. Abin da ya karanta ya faɗa, kuma don yana ƙaunata ya faɗa. Shekara biyu ba ma gaisawa, sai da na taka har zaurensa na ba shi haƙuri. Har ya tashi daga unguwar bai canza ra'ayi ba, ni ma ban canza ba, amma shi ya raɗa wa ƙaninki suna. Ke kin yi naki tambayoyin wurin malamai, kin ji inda suka haɗu da inda suka rabu, zuciyarki ta natsu. To ki riƙe natsuwarki, ki bar wa mutane tasu. In an yi miki nasiha ki ce kin gode. Kada kuma aiki ya ci miki salla. Gawayi ba ya hana alwala, iyakarsa ya ɓata buta.

Saura wanda na yi miki ke. Na bar shi ƙarshe don shi ya fi wuyar rubutawa.

Ba maganar akuyar da kika zana a bangon tsakar gida nake ba, jajibirin Salla, farar ƙasa ko bushewa ba ta yi ba, na sa ki wankewa kina kuka. Wannan mun riga mun yi dariyarsa. Ba kuma yadda na matsa sai kin yi karatun aikin jinya ba, har sai da mamanki ta tsaya tsayin daka ta ce yarinyar da ke suma in an yanka kaza ba za ta yi wa kowa allura ba. Wannan tsoro ne ya sa ni, na san wahalar sana'ar nan, kuma na riga na nemi gafararki.

Bara ne, bayan girbi. Kika zana mamanki tana tankaɗe a tsakar gida, kika kawo mini shago, kika tsaya bakin ƙofa kina murza gefen hijabinki. Na karɓa na duba. Uwata, matata na gani. Ba kamanninta kawai ba. Na ga yadda take ɗan karkata kai tana sauraron abin da yara ke yi a ɗaki, hannunta kuwa bai tsaya ba. Na ga garin da ke tashi daga rariya, wanda ba zana shi kika yi ba, gogewa kika yi da ƙyalle har farin takarda ya fito. Shekara ashirin da biyar ina kallon matar nan, kuma ni ma mai zane ne, ban taɓa kama wannan ba. Nan take na san hannunki ya wuce nawa, kuma ba da kaɗan ba.

Abu biyu suka taso mini lokaci ɗaya, murna da wani abu mai kama da kishi, kuma kishin ya riga murna isa baki. Kin tuna abin da na ce? Na ce ba laifi, amma ki gyara kunnen. Kika ce, "To, Baba." Kika karɓa kika tafi. Daga baya mamanki ta faɗa mini kwana uku kika yi kina goge kunne kina sakewa.

Ɗiyata, kunnen nan ba abin da ya same shi. Tun farko daidai yake. Bakina ne ya kasa faɗin abin da idona ya gani, sai na laƙa wa kunne laifi. Ki yafe mini. Abin da ya kamata in faɗa ran nan ga shi yau a rubuce, don ki iya dawowa kansa duk ranar da aiki ya ƙi ki: kin fi ni. Kuma ban taɓa sanin akwai daɗi cikin a fi mutum ba sai a kanki.

Can za ki iske waɗanda suka fi ki, ki zauna kusa da su ki buɗe ido. In an ce ki gyara wani abu, ki duba da kyau tukuna, don wani lokacin gyaran gaskiya ne, wani lokacin kuma mai maganar ne ke buƙatar gyara. Wata rana kuma, in Allah Ya ja kwana, wata za ta tsaya a bakin ƙofarki da takarda a hannu, ki duba ki ga ta wuce ki. Ki faɗa mata a ranar, da bakinki, kada ki bari sai ta ɗaure kaya.

Mamanki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san abin da na rubuta ba. Ki riƙa kiranta, ita ba za ta ce ta yi kewarki ba, sai dai ta tambaye ki abin da kika ci. Ki gaishe mini da gwaggonki da maigidanta, ki zama ɗiya a gidansu, ba baƙuwa ba.

Na yafe miki duniya da lahira, kuma na sa miki albarka. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya kare miki idonki da mutuncinki, Ya ba ki halaliyarki cikin sauƙi. Allah Ya sa albarka a yatsunki goma, masu baƙi da marasa baƙi, Ya dawo mana da ke lafiya mu gan ki da idonmu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sani mai fenti